Leda Daga Iska da Hasken Rana: Darasi Daga Kududdufan Birnin Zariya

Gabatarwa

Duk wanda ya shiga Birnin Zariya ta Ƙofar Doka a tsakiyar damina, ya bi lunguna har ya ɓulla Ƙofar Gayan ko Ƙofar Kona, ba zai rasa cin karo da kududdufi ba. A bisa kowane kududdufi kuwa akwai abubuwa biyu da ido yake fara sauka a kansu. Na farko shi ne gansakuka, wadda takan lulluɓe ruwan ta mai da shi kore shar. Na biyu shi ne leda, baƙa da fara, wadda iska da kwata suke tarawa a bakin ruwa. Gansakuka tsohuwar 'yar gari ce, tana nan tun kafin a gina ganuwa. Leda kuwa baƙuwa ce, amma irin baƙon nan da ya zo ya fi mai gida zama.

Maƙasudin wannan lacca shi ne a bayyana wata dangantaka da masana kimiyya suka gano tsakanin waɗannan abubuwa biyu. A cikin gansakuka akwai waɗansu ƙananan halittu da ido ba ya iya gani ɗai-ɗai, waɗanda suke haɗa iska da ruwa da hasken rana su samar da wani abu mai kama da roba, wanda kuma yake ruɓewa ya koma ƙasa idan an gama amfani da shi. Za a duba yadda abin yake faruwa, da inda bincike ya kai, da abin da ya hana shi shiga kasuwa, sa'an nan da abin da ya shafi Zariya a cikinsa.

Yadda birni ya saba da shararsa

Kafin a fahimci illar leda, ya kamata a tuna da abubuwan da ta gada. A da, mace takan tafi kasuwa da ƙwarya ko kwando, ta rufe da faifai. Ruwa yana cikin tulu da randa, mai yana cikin tandu, matafiyi yana da gora ko salka, goro kuma yana cikin huhu an naɗe shi da ganye. Duk waɗannan daga duma ne, ko kaba, ko yumɓu, ko fata, ko ganye. Idan sun tsufa sai a zuba su a juji tare da toka da kashin dabbobi. Kafin damina ta faɗi masu jakuna su kwashe jujin a mangala su kai gonakin da ke cikin ganuwa da na bayanta. Watau abin da gona ta ba birni, birni yana mayar mata da shi a matsayin taki.

Haka shi ma kududdufi yana da nasa aiki. Asalinsa rami ne da aka haƙa aka ɗebi ƙasar yin tubali, irin ƙasar da aka gina gidaje da soraye da ita, har da Babban Masallacin da Babban Gwani Mika'ilu ya gina a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu. Ramin da aka bari shi yake karɓar ruwan unguwa idan an yi kamar da bakin ƙwarya. Zariya tana samun ruwan sama wajen milimita 1000 a shekara, mafi yawansa tsakanin watan Mayu da Oktoba, saboda haka gari mai cunkoso irin wannan ba ya iya zama lafiya sai da wurin da ruwa zai kwanta da hanyar da zai wuce.

Shigowar roba da leda

Kalmomin biyu duka na aro ne daga Turanci. Roba a can tana nufin abin da ake samu daga ƙaron wata bishiya, leda kuwa tana nufin jemammiyar fata. Bahaushe ya ɗauki sunan fata ya ba wani abu mai sulɓi da ya yi kama da ita, har yau sunan ya bi jakar cefane.

Tarihin abin ba shi da nisa. A 1907 Leo Baekeland ya haɗa robar farko da ba daga tsiro ko dabba ta fito ba. A 1933 ma'aikatan kamfanin ICI na Ingila suka gano irin robar da ake yin leda da ita, a 1965 kuma wani kamfani na ƙasar Suwidin ya yi rajistar jakar leda mai hannu irin wadda aka sani yanzu. A 1950 robar da duniya take ƙerawa ba ta wuce tan miliyan 2 a shekara ba. Yanzu ta haura tan miliyan 400. Wani lissafi da Roland Geyer da abokan aikinsa suka buga a 2017 ya nuna cewa ya zuwa 2015 an ƙera tan miliyan 8,300, kuma daga cikin wadda ta zama shara kashi 9 cikin ɗari kaɗai aka sake sarrafawa, aka ƙone kashi 12, sauran kashi 79 tana nan a juji da ƙasa da ruwa.

A Zariya ba a bukatar alƙaluma kafin a yarda. Tun da ruwan leda ya bazu a shekarun 1990, lambatu ba ya ɗaukar mako bai toshe ba, kuma idan ya toshe ruwa yakan koma gindin katangar ƙasa, ya jiƙa ta har ta zube. Mahauta sun saba fasa tumbin saniya ko akuya su tarar da dunƙulen leda, abin da ya sa dabba take ramewa alhali tana kiwo. Manomi ya sayi takin juji, sai ya kwana yana tsince leda a kunya. Idan kuma an cinna mata wuta, hayaƙin yana shiga ƙirjin yara da tsofaffi.

Mece ce roba, kuma me ya hana ta ruɓewa?

Idan aka duba roba ta fuskar kimiyya, ana iya kwatanta ta da carbi mai tsawon gaske: ƙwaya iri ɗaya ce aka jera dubbai a zare guda, sa'an nan zarurruka suka sarƙe da juna. Auduga ma haka take, haka sitacin da ke cikin dawa da rogo. Bambancin yana wurin irin ƙwayar da irin ƙullin da ya haɗa ta da 'yar'uwarta.

Ruɓewa kuwa aikin masu rai ne. Ganye ba ya ruɓewa don kansa. Ƙwayoyin bakteriya da dangin naman kaza ne suke cinye shi, domin suna da sinadaran da suke kwance ƙullin da ke cikinsa. Ƙullin da ke cikin leda, wadda ake yi da man fetur ko iskar gas, baƙo ne gare su, ba su da abin kwance shi sai ɗan abin da ba a rasa ba. Rana da iska suna iya farfasa leda ta zama gutsi-gutsi, amma gutsattsarin suna nan, suna shiga ƙasa da ruwa da cikin kifi.

Daga nan tambaya ta taso: shin akwai robar da waɗannan ƙananan halittu suka san ƙullinta? Amsar ta riga tambayar zuwa. A 1926 wani Bafaranshe mai suna Maurice Lemoigne ya gano cewa wata ƙwayar bakteriya tana tara waɗansu farfarun ƙwallaye a cikinta. Wannan ƙwaya dangi ɗaya take da wadda take mai da kalwa ta zama daddawa. Abin da take tarawa shi ne masana suke taƙaita sunansa da haruffan PHB. A wurin ƙwayar, PHB rumbu ne: idan abinci mai zaƙi ya yawaita, amma wani abin gina jiki ya yanke, sai ta daina hayayyafa ta koma ajiya, kamar yadda raƙumi yake tara kitse a tozo. Idan aka ciro wannan ajiya aka tsarkake ta, tana narkewa a zafin da ya kai digiri 175 ko sama kaɗan, ana iya zuba ta a mazubi a yi kwalba ko cokali ko shimfiɗa. Da yake kuwa abinci ce tun asali, duk ƙasa mai danshi da duk ruwa akwai masu jiran su cinye ta.

Kamfanin ICI ya fara sayar da irin wannan roba da sunan Biopol, har a 1990 aka fitar da kwalaben sabulun wanke gashi da aka yi da ita a Jamus. Sai dai ƙwayoyin da ake amfani da su sai an ciyar da su sukari ko man girki. Wannan ya sa robar ta yi tsada, ya kuma sa ta shiga takara da bakin ɗan Adam a kan amfanin gona. Ƙasar da ba ta gama ciyar da mutanenta ba, ba za ta ɗauki masara ta ba bakteriya don a yi jakar cefane ba.

Abin da gansakuka take iya yi

A nan ne gansakuka ta shigo. Abin da Bahaushe yake kira gansakuka taron halittu ne iri-iri, kuma daga cikinsu akwai waɗansu bakteriya masu launi tsakanin kore da shuɗi. Su ba sa bukatar a ba su sukari, domin suna yin nasu kamar yadda ganyen bishiya yake yi. Suna kama hasken rana, su yi amfani da ƙarfinsa su raba ruwa gida biyu, su saki iskar oksijin, wadda ita ce mai rai yake shaƙa, sa'an nan su kama iskar kabon su gina jikinsu da ita. Iskar kabon ita ce wadda mutum yake fitarwa idan ya numfasa, ita ce kuma take fita daga murhu da salansar mota da bututun masana'anta. Kafin zamanin injuna tana kusan kashi 280 cikin miliyan na iskar duniya, yanzu ta haura 420, kuma wannan ƙari shi ne babban dalilin ɗumamar yanayi.

A 1966 wani masani a Ingila, N. G. Carr, ya nuna cewa irin waɗannan bakteriya su ma suna tara PHB. Hanyar da ake bi da su mataki biyu ce. Da fari a ba su ruwa mai taki su yawaita. Daga nan a yanke musu sinadarin naitirojin, wanda shi ne ƙarfin takin yuriya. Sai korensu ya koɗe ya koma rawaya-rawaya, su daina rabuwa, su juya abin da suke samu daga rana zuwa rumbu. Lissafin sinadarai ya nuna cewa kowane kilo ɗaya na PHB yana ɗauke da kabon da ya fito daga wajen kilo biyu na iskar kabon.

Matsalar farko ita ce rumbun nasu ƙarami ne. Bakteriyar da ake ciyarwa da sukari tana iya cika kashi 80 cikin ɗari na busasshen jikinta da PHB, su kuwa waɗannan da ƙyar suke wuce kashi 10 zuwa 15. Masu bincike suka duƙufa a kan wata ƙwaya guda da aka ɗebo daga wani tafki a Kalifoniya a 1968, wadda masana a Japan suka karance dukkan ƙwayoyin gadonta a 1996. A 2020 masu bincike a Jami'ar Tubingen ta Jamus, a ƙarƙashin Karl Forchhammer, suka gano wani ɗan sinadari da yake aiki kamar mai gadin ƙofa, yana tare kabon daga shiga hanyar da ake yin PHB. Da suka cire shi, suka kuma ƙarfafa waɗansu ƙwayoyin gado biyu, sai ajiyar ta kai kashi 63 cikin ɗari daga iska da haske kawai, ta kuma kai kashi 81 da aka ƙara wa ruwan wani sinadari dangin ruwan kal.

Akwai kuma wata hanya ta biyu. A 2016 Daniel Nocera da Pamela Silver na Jami'ar Habad a Amurka suka yi amfani da wutar lantarki irin wadda farantin sola yake bayarwa suka raba ruwa, suka ba wata bakteriya iskar haidirojin da ta fito tare da iskar kabon, ita kuma ta gina jikinta da PHB. Sun lissafa cewa tsarin yana iya cin moriyar kusan kashi 10 cikin ɗari na ƙarfin rana, alhali yawancin tsirrai ba sa wuce kashi ɗaya.

Ilmin da ke gida

Mai sauraro yana iya ɗauka cewa kiwon halittun da ba a gani sana'a ce ta Turawa. Ba haka ba ne. Hausawa sun ce ruwa ba ya tsami banza, kuma duk inda ya yi tsami waɗannan halittu ne suke aiki. Mai nono da take barin ɗan kindirmon jiya a ƙwarya kiwonsu take yi, haka mai daddawa da take rufe kalwa kwana biyu ko uku.

Misali mafi kusa shi ne karofi. Marini yakan cika rami da ruwa, ya zuba baba da toka da katsi, ya riƙa motsawa da muciya kwanaki yana jira. Shunin da ke cikin baba ba ya narkewa a ruwa. Waɗansu bakteriya masu son ruwan toka ne suke sauya shi ya narke ya shiga zare, shi ya sa ƙyalle yake fitowa daga rami kore-kore, sai ya sha iska ya koma shuɗi. Marini bai taɓa ganin waɗannan halittu ba, amma ta kumfa da wari da launi ya san ramin da yake da ƙarfi da wanda ya gaji. Wannan shi ne ainihin aikin da injiniya yake yi a gaban tankinsa, sai dai shi yana da ma'auni.

A gabas kuma, a tafkunan kanwa da ke kusa da Tafkin Cadi, matan Kanembu sun daɗe suna yaɗe wata irin gansakuka, su shanya ta a kan yashi, su yi miya da ita. Masanin tsirrai Jean Léonard na Beljiyam ya tarar da ita a kasuwannin yankin a 1964, kuma ita ce duniya ta sani yanzu da suna sifirulina. Tana cikin dangin bakteriyar da ake magana a kansu. Darasin da ke nan shi ne ruwan kanwa yana korar yawancin halittun da za su yi mata kutse, saboda haka tana iya rayuwa a buɗaɗɗen tafki ba tare da tsadar tanki ba.

Abubuwan da suka hana ruwa gudu

Hausawa sun ce ba girin-girin ba, ta yi mai. Sakamakon Tubingen a kwalaben ɗakin bincike aka same shi, kuma tsakanin kwalba da masana'anta akwai tafiya.

Na farko, haske ba ya ratsa ruwa mai kauri. Da zarar ƙwayoyin sun yawaita sai na sama su yi wa na ƙasa inuwa. Saboda haka a buɗaɗɗen tafki da ƙyar ake samun giram ɗaya a litar ruwa, alhali tankin da ake ciyarwa da sukari yana iya ba da fiye da giram 100. Tace wannan ruwa mai yawa don a sami abu kaɗan yana cin kuɗi da wuta.

Na biyu, iskar kabon da ke sarari ta yi ƙaranci ga mai son amfani da yawa, sai an tura ta cikin ruwan daga wani wuri, alal misali bututun masana'antar siminti. Na uku, a ƙasa irin ta Zazzau rani yana shanye ruwan tafki, hazo da ƙurar hunturu kuma suna rage haske. Na huɗu, PHB zalla tana da saurin karyewa, sai an gauraya ta da 'yan'uwanta kafin ta yi laushin leda.

Kasuwa ma ba ta yi sauƙi ba, ko ga masu amfani da sukari da mai. Wata babbar masana'anta da aka buɗe a jihar Ayowa ta Amurka a 2010, mai iya fitar da tan 50,000 a shekara, ta daina wannan aiki a 2012, kamfanin Danimer Scientific kuma ya karye a 2025. Duk robar da ake yi daga tsirrai da ƙananan halittu ba ta kai kashi ɗaya cikin ɗari na robar duniya ba.

Akwai kuma gargaɗi. Waɗansu daga cikin bakteriyar gansakuka suna fitar da dafin da yake lalata hanta. A 1996, a garin Karuwaru na Burazil, fiye da mutum 50 masu wankin ƙoda suka rasu saboda ruwan da ya gurɓata da irin wannan dafi. Don haka ba kowace gansakuka ake yaɗa ba, kuma kududdufin da ya yi kore ba wurin shayar da dabbobi ba ne.

Ruɓewa da dagargajewa

Ma'aikacin da wata rana za a kawo wa takardar kwangilar leda mai ruɓewa yana bukatar ya riƙe bambancin kalmomi biyu da Hausa ta riga ta tanada. Abin da ya ruɓe ya zama ƙasa da ruwa da iska. Abin da ya dagargaje yana nan, ido ne kawai ya daina ganinsa. Akwai ledar man fetur da ake sa wa wani sinadari don ta yi saurin dagargajewa, ana sayar da ita da sunan mai ruɓewa. Tarayyar Turai ta hana ta tun daga 2021. Akwai wadda ake yi da rake a Burazil tun 2010, asalinta tsiro ne amma ƙullinta na leda ne sak, ba ta ruɓewa. Akwai wadda ake yi da tsamin da ke cikin nono, ana samo shi daga masara, ita kuma sai a juji na musamman mai zafin wajen digiri 60 take ruɓewa da sauri. PHB da danginta suna cikin kaɗan da suke ruɓewa a ƙasar gona da cikin ruwa, ko da yake su ma sukan ɗauki watanni ko fiye, gwargwadon kaurin abin da zafin wurin. Wanda bai bambance waɗannan huɗu ba, zai sayi tsohuwar cuta da sabon suna.

Kammalawa

Zariya tana da abubuwan da wannan bincike yake nema. Tana da rana. Tana da Jami'ar Ahmadu Bello tun 1962, da Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, da Cibiyar Binciken Fasahar Sinadarai ta Ƙasa da ke Basawa. Ƙwayar da ta yi suna a Jamus daga tafkin Kalifoniya aka ɗebo ta. Wadda za ta jure zafin Afrilu da ƙurar Janairu ta fi yiwuwa a same ta a ruwan da ya saba da su, watau kududdufan Kwarbai da Kaura, da fadamun Kubanni da Galma, da tafkunan kanwa na gabas. Tattara waɗannan ƙwayoyi, da tantance masu dafi da marasa dafi, da auna abin da kowace take tarawa, aiki ne da ɗalibin digiri yake iya farawa da kayan da ake da su. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Amma kada jiran sabuwar leda ya zama uzurin zama da tsohuwa. Ruwanda ta hana jakar leda a 2008, Kenya ta bi sahu a 2017, Jihar Legas kuma ta hana mazubin abinci na robar kumfa a 2024. Yashe lambatu kafin ruwan fari, da hana cike kududdufai a yi gini a kansu, da raba leda daga takin juji, duk suna hannun ƙaramar hukuma da masu unguwanni, ba sa jiran wani bincike. Idan PHB ta iso da farashin da mai ƙosai za ta iya biya, amfaninta shi ne za ta koma juji ta zama taki kamar yadda ƙwarya da faifai suke yi. Kafin ranar, kwando da ƙwarya suna nan a kasuwar Birni.